Gado Ba Ya Wasa Aska

Yau ba labarin soyayya na zo da shi ba, faɗa na zo yi, kuma da mutanen da nake jin nauyinsu zan yi shi, wato wanzaman ƙasarmu ta Daura. Duk wanda yake da alaƙa da zabira, ta wajen uwa ko ta wajen uba, don Allah ya daure ya karanta har ƙarshe kafin ya fara yi mini Allah ya isa.

Akwai wata magana da na gaji da jin ta. In ka ga saurayi ya yanki mutum wajen aski, ko ya bar masa kai kamar gonar da rago ya nome, nan fes can ciyawa, ka ce masa, "Kai kuwa samari wa ya koya maka riƙon aska?" sai ya harare ka ya ce, "Ai mu gado muka yi, a jininmu abin yake." Daga cikin garin Daura zuwa Sandamu, daga Zango zuwa Baure, har rumfunan kasuwar Mai'adua ranar Lahadi, amsar ke nan kamar an haɗa baki. To ni dai na ce wannan magana ita ce take kashe wanzanci a ƙasar nan. Ana ta ɗora wa kilifa da shagunan aski laifi, alhali ɓarnar daga cikin gida take.

Ban musa ana gadon wanzanci ba. Ana gadon zabira, ana gadon ƙaho, ana gadon gidajen da uba ya saba shiga yin askin suna da kaciya, har sarautar Sarkin Aska ma tana bin gida. Amma hannu fa? Wa ya taɓa ganin an raba hannu a cikin gado? Uba ya rasu, ranar sadakar arba'in an miƙa wa ɗa zabira, ɗan da tun tasowarsa yana makaranta ko yana kan babur yana kabu-kabu, bai taɓa zama wata guda cur a gefen mahaifinsa yana kallon yadda yake juya wuyan hannu ba. Washegari ya rataya zabira ya shiga gari. Mutane kuma don kara da tuna marigayi sai su miƙa masa kawunansu da na 'ya'yansu.

Mu da muke alfahari da rijiyar Kusugu ya kamata mu fi kowa gane wannan. Kamar yadda labarin ya zo, Bayajidda ɗan sarki ne daga Bagadaza, jinin sarauta gaba da baya, amma da ya tashi neman wuƙa sai da ya tsaya wajen maƙeran Gaya suka ƙera masa, da ita ya sare kan macijiyar da ta hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Jinin gidansu bai ba shi kaifi ba. Masu sana'ar ne suka ba shi.

Bari in shiga cikin aikin kansa, don kada a ce marubuci ne kawai yake surutu.

Mu fara daga washi, domin a nan rabin askin yake. Bakin aska siriri ne ƙwarai, sirantar da ido ba ya iya gani, kuma duk gashin da ya yanka sai ya bar masa alama. A 2020 wasu masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun sa reza a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, suna kallon yadda take yankan gashi ɗaya bayan ɗaya. Suka ga gashi, wanda ƙarfen reza ya fi shi tauri kamar sau 50, yana ɓantarar bakin rezar, musamman in ya lanƙwashe ya haɗu da bakin a karkace. Tsohon wanzami bai san MIT ba, amma ya san abin da suka gano, shi ya sa ba ya gama kai guda bai tsaya ya goga askarsa a fata ko a tafin hannunsa ba. Dutse da fata kowa da aikinsa. Dutsen washi yana cin ƙarfe ya fitar da sabon baki, ita kuwa fata miƙar da bakin take yi ta goge shi. A kan dutse baki ne ke yin gaba, a kan fata baya ne ke yin gaba, kuma in za a juya aska a kan bayanta ake mirgina ta, domin duk wanda ya juya ta a kan baki ya ɓata aikin da ya gama yi. Yawan gugar da aka yi wa wannan gefe shi za a yi wa wancan. Gwajin kuma ba wuya: a ɗora ta a kan gashin damtse ba tare da dannawa ba, in ta kwashe shi ta yi, in tana tsallake shi ko tana jan shi a koma dutse.

Yanzu ka tambayi irin samarin da nake magana a kansu, nawa ne suka san wannan? Wani ma dutsen mahaifin nasa ya ɓace, da gefen dakali yake maneji. Kuma abin da mutane ba su gane ba shi ne, dakusasshiyar aska ta fi mai kaifi yankan mutum. In ba ta ci, dole mai riƙe da ita ya danna, in ya danna kuwa da zarar ta ci karo da ƙurji ko ninkin fata sai ta nutse.

Sai jiƙa gashi. Nan ma gaggawa ta yi mana illa. Busasshen gashi yana da tauri, amma in ya sha ruwa mai ɗumi na minti biyu zuwa uku sai ya yi laushi, aska ta wuce cikinsa ba gardama. Hirar nan da tsofaffin wanzamai suke ja da mutum suna murza masa kai da ruwa da sabulu, suna tambayar gona da iyali da farashin gero, kun ɗauka son zance ne kawai? Jira suke gashi ya sha ruwa. Ga kuma hunturunmu na nan arewacin Katsina, wanda iskarsa ke busar da kumfa kafin ka ƙirga ashirin. Wanda ya iya ba ya sa wa kai sabulu gaba ɗaya a irin wannan lokaci, yanki-yanki yake jiƙawa yana askewa. Wanda bai iya ba kuwa sai ya lafta kumfa ko'ina, kafin ya kai ƙeya ta bushe ƙamas, ya ci gaba da kankara a haka mai kai yana cije leɓe.

Kwanciyar aska ita ce abin da ya fi wuyar faɗa da baki, shi ya sa sai an kama hannun yaro an nuna masa. A kwantar da ita har bayanta ya kusa taɓa fata, sannan a ɗaga bayan kaɗan, misalin kaurinsa sau biyu. Masu lissafi suna cewa digiri 30 ko ƙasa da haka. In ta miƙe tsaye kankarar fata take yi, mutum ya tashi kansa na raɗaɗi kamar an shafa masa barkono. In ta kwanta da yawa sai ta riƙa tsallake gashi. Kunne ma yana da aiki a nan, domin ƙarar askar da ke yankan gashi daban take da ta wadda ke kankarar fata, kuma tsohon hannu yana iya zama nesa da yaronsa, bai ko duba ba, ya ce masa, "Kwantar da ita." Ja gajere-gajere ake yi. Aska tana tafiya ake sauke ta a kan fata, ba a dasa ta sannan a ja. Babban haramun kuwa shi ne a zame ta gefe, ta bi tsawon bakinta kamar mai yankan nama, ko da tazarar ƙwayar gero ce, jini zai fito.

Hannun hagu fa? Wallahi in ka lura da kyau shi ne yake askin, na dama rakiya yake yi. Shi ke jan fata ta miƙe, shi ke lalubo ƙurji da tsohon tabo kafin aska ta iso, shi ke karanta inda gashi ya kwanta, musamman tsakar ka inda yake juyawa kamar guguwa. Yatsun su zama a bushe, su zauna a bayan aska, kada su tare mata gaba. Ƙeyar wani Alhajin ninki uku gare ta, in ba ka sa ya sunkuyar da kai ka buɗe ninkin da yatsa ba, sai dai ka bar gashi a ciki ko ka bar jini. Zakaran wuya ba a hawa kansa, fatar ake ja gefe a aske ta a inda ya yi laushi. Ba banza Bahaushe ya ce in aski ya zo gaban goshi ya fi zafi ba, wurin fata ce a kan ƙashi ba tsoka, hannun da bai yi sauƙi ba nan yake tona kansa.

Duk wannan da na lissafa, ku gaya mini wanne ne a cikin jini? Wanne ne jariri ke sha a nono?

Na san abin da za a ce mini. Za a ce ai kakanninmu ba su shiga aji ba kuma sun iya. Sun shiga mana! Ajinsu shi ne shekarun da yaro yake yi yana ɗaukar zabira yana bin ubansa gida-gida, yana ɗebo ruwa, yana wanke aska, yana washi har hannunsa ya yi kanta, kafin a ce ya jiƙa kan wani, kafin a ce ya aske kumatu daga saje zuwa ƙasa inda fata take shimfiɗe, kafin a bar shi ya hau gefen kai, sannan ƙeya, sannan haɓa da ƙarƙashin hanci. Mataki-mataki ne, kuma akwai ranƙwashi a tsakani. Wannan makarantar ce aka rufe, aka bar allon sunanta a rataye.

Tsofaffin ma ba zan ƙyale su ba, ko da yake da ladabi zan faɗa. Da yawansu sun lulluɓe sana'ar da rigar asiri har 'ya'yansu suka ɗauka layar da ke cikin zabira ce take aski. Kowa ya sha jin labarin wanzamin da ya ɗaure askar abokin hamayyarsa ta ƙi ci, da wanda ya yi wa wani tofi kansa ya gagari ƙarfe. Irin wannan hira tana da daɗi a dandali, mu marubuta ma mun ci abinci da ita, domin in ka duba littattafanmu wanzami ba ya fitowa sai in ana son ban dariya ko ana neman wanda zai kai uwargida wajen boka. Ban taɓa karanta inda ɗayanmu ya tsaya ya kwatanta yadda ake riƙe aska ba. Na taɓa zama da wani dattijon wanzami a wani ƙauye ta wajen Zango, mutumin da in ya aske ka sai ka yi gyangyaɗi. Jikansa na gefe yana ba ni labarin irin abin da aka binne a gidansu wanda ya sa askarsu ba ta yanka. Da yaron ya tashi na ce, "Baba, don Allah mene ne gaskiyar abin?" Ya yi dariya ya jawo wani ɗan dutse da tsakiyarsa ta lotsa saboda guga, ya ce, "Ɗana, ga abin da aka binne nan. Kullum bayan asuba nake tono shi." Na ce to me ya hana a gaya wa yaron? Ya ce ai yaran yanzu ba sa tambaya. Su ba sa tambaya, ku ba kwa faɗa, to kan wa za ta ƙare? Ban zo musun addu'a ba, kowane mai sana'a ya yi bisimilla kafin ya fara. Amma a gaya wa yaro gaskiya cewa bayan bisimilla akwai dutse.

Kan wa take ƙarewa kuwa, mun sani. Larabawa suna da karin magana a kan mai koyon aski a kawunan marayu. Mu nan a kawunan almajirai ake koyo. Je ka bakin kowace tsangaya ka dubi kawunan yaran, za ka ga zane-zanen yanka, sabo a kan tsoho, ga makero yana bin su ɗaya bayan ɗaya saboda aska guda ta zagaye su ashirin ba a ko ɗauraye ta ba. Yaron ba shi da uwa a kusa da za ta zo ta yi masifa, ba shi da bakin cewa "ka yanke ni". Wanda ya gama gwaji a kansu, shi ne gobe za a kira askin suna, a miƙa masa jariri ɗan kwana 7, mai fata kamar bayan albasa, ga maɗiga a buɗe tana bugawa, wurin da ƙashi ba ya rufewa sai yaro ya haura shekara. Mata na ɗaki suna guɗa, maza na waje suna rabon goro, ba wanda ya tambayi sau nawa wannan hannun ya taɓa aske kan babba lafiya.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, 'yan zamani, masu cewa su ba ruwansu da gado, a waya suka koya. Waɗannan sun fi burge ni da farko, don aƙalla sun yarda abin koyo ne. Sai dai kash, malaman nasu Turawa ne da Turkawa masu aske gashi miƙaƙƙe. Za ka ga ana koyar da bi uku: a bi kwanciyar gashi, a gitta shi, sannan a tunkare shi ta inda ya fito don fuska ta yi sumul. Namu gashin a nannaɗe yake. In ka ja fatar wuya da ƙarfi ka tunkari gashin, za ka yanke shi ƙasa da saman fata, in ya tashi tsirowa sai ya lanƙwashe ya soki fatar ta ciki. Daga nan ƙurajen aski suke fitowa a wuya da haɓa, wasu su yi baƙin tabo, wasu su kumbura su zama tsiro mai tauri da ba ya komawa. Likitocin fata abin da suke gaya wa mai irin gashinmu shi ne a bi kwanciyar gashi, a sassauta jan fata a wuya, kada a nemi sumul ɗin da ya wuce kima. Tsofaffinmu da suke bi ɗaya su tsaya a wajen gyaran fuska sun fi mai bidiyon sanin fatar Bahaushe. Amma wa zai gaya wa yaron, tunda waya ba ta ganin hannunsa balle ta ce masa ya kwantar?

Maganar tsafta ba zan yi mata kwana-kwana ba. Tun da aka ba da sanarwar samun ƙanjamau a Najeriya a 1986 mutane suka fara tsoron askar wanzami, kuma suna da hujja. Ciwon hanta nau'in B ma ya fi saurin bin aska, domin ƙwayarsa tana iya rayuwa a busasshen jini har kwana 7 ko fiye. Wuce da aska ta cikin harshen wuta sau ɗaya, ko goge ta da tsumma, ba ya wadatarwa. A wanke ta da sabulu tukuna, a tafasa ta minti 20, a busar da ita don kada ta yi tsatsa. Tafasa ba ta kashe kaifin ƙarfe. Ma'ana wanzami na gaskiya yana bukatar askake da yawa a zabira, ta kowa daban. Dunƙulen alif ɗin da ake gogawa a yanka shi ma kada ya zagaya kawuna, a daka shi a riƙa ɗiban gari. Wanda ba zai iya wannan ba ya koma askar zamani da ake ɓalle reza biyu a saka mata rabi, a jefar bayan kowane kai. Alhazanmu sun ga haka a Mina, inda hukumomin Saudiyya suke hana amfani da reza ɗaya ga mutum biyu. Ba na faɗa da wannan askar ko kaɗan. Abin da nake faɗa da shi shi ne tunanin cewa sabuwar reza tana maye gurbin koyo. Gillette da ya fara sayar da rezarsa a Amurka a 1903, washi ya ɗauke wa mutane, kuma ya sa mata murfin kariya. In ka cire ta daga murfin ka ɗaura a kan mariƙi, ka samu baki mai kaifi da kusurwoyi masu tsini, marar nauyi, wanda ba ya yafe kuskure ko na ƙiftawar ido. Hannun da bai iya askar maƙera ba, da wannan ɓarnarsa ta fi yawa.

Wanzami ba ya son jarfa, na sani, amma a bari in kawo misali daga nesa. Ingila ma ta yi wanzamai irin namu, masu aski da fitar da jini da cire haƙori. A 1540, zamanin Sarki Henry na 8, aka haɗa su da masu fiɗa a ƙungiya guda a Landan. Yaro yana shekaru a hannun maigidansa, dattawan ƙungiya su jarraba shi kafin a sake shi ya taɓa jikin mutane, kuma ana tara su a koya musu yadda jikin ɗan Adam yake. A 1745 masu fiɗar suka ware, daga cikinsu aka samu kwalejin likitocin tiyata ta Ingila. Ba ina cewa wanzamin Baure zai zama likitan tiyata ba ne. Ina nuna cewa su ba su tsaya tambayar ɗan wane ne ba, abin da ya iya suka tambaya.

Saboda haka kirana ga Sarakunan Aska na garuruwan masarautar nan, ranku ya daɗe, rawanin da ke kanku na aiki ne. Ƙananan hukumomi 5 ne kacal a ƙasar Daura, kun san junanku, kuna haɗuwa a fada lokacin Sallar Gani. Me zai hana ku yanke cewa ba yaron da zai taɓa kan jariri sai ya zauna gaban dattawa uku, ya wasa askarsa da hannunsa, ya gwada ta a damtsensa, ya aske kan babban mutum tal-kwabo har ƙeya ba ɗigon jini, sannan ya nuna yadda zai tsaftace ta? Wanda ya faɗi ya koma ɗaukar zabira wata shida, ko jikan wane ne. Kuma ku buɗe ƙofa ga ɗan manomi da ɗan mahauci da almajirin da ke sha'awar sana'ar, tunda da yawa daga 'ya'yan cikinku sun nuna ba sa so. Shugabannin tsangayu su ma su daina miƙa kawunan yara ga duk wanda ya zo da aska don ya ce kyauta zai yi.

In an rasa kan da za a yi jarrabawar a kai, ga nawa na bayar, ba na ƙin zama a tabarma. Sharaɗina guda ne, dutsen da yaron zai yi washi da shi ya fito daga zabirarsa, kuma in ga tsakiyarsa ta fara lotsawa.